Wari a Motocin Shaƙatawa na Amurka: Daga Ina Yake, Mene ne Maganinsa?

A ƙasar Amurka akwai wasu irin motoci da ake ƙerawa musamman domin yawon shaƙatawa. In ka shiga ɗaya sai ka ce ɗaki da falo ka shiga: ga gado, ga wurin girki, ga wurin wanka, har da bayan gida. Wasu da injinsu a jikinsu, wasu kuwa tirela ce da ake ɗaurawa a bayan wata mota a ja. Amurkawa suna taƙaita sunansu da haruffa biyu, wato RV, amma a nan za mu riƙa ce musu motocin shaƙatawa. Mafi yawansu a jihar Indiyana ake ƙera su, a garin Elkhart da kewayensa, kuma a shekarar 2021 kaɗai masana'antu sun fitar da fiye da 600,000.

To, gidan da ke tafiya bisa taya ba shi da rami, ba shi da kwatami. Duk ƙazantar da iyali suka yi, motar ce za ta riƙe ta a cikinta na kwanaki, a ƙarƙashin daɓen da suke kwana a kai. Shi ya sa wari yake cikin manyan abubuwan da masu waɗannan motoci suke kuka da su. 'Yan'uwa ɗalibai, ku biyo ni mu duba wannan matsala, domin akwai darasin kimiyya a cikinta wanda zai yi mana amfani ko da ba mu taɓa hawa irin motar ba.

Tankuna uku

Yawancin motocin suna da tanki iri uku a ƙarƙashinsu. Na farko na ruwa mai tsabta ne. Na biyu shi ke karɓar ruwan wanka da na wanke-wanke, ana ce masa tankin ruwan toka saboda launin ruwan. Na uku shi ke karɓar abin da ya fito daga masai, ana ce masa baƙin tanki. A mota matsakaiciya baƙin tanki yakan ci galan 30 zuwa 40. Da yake galan ɗin Amurka kusan lita 3.8 ne, galan 40 ya kai wajen lita 150 ke nan. Idan tankunan sun cika, sai mai mota ya je wurin da aka tanada, ya jona tiyo mai faɗin inci 3, ya buɗe bawul ya juye.

Abin da ke faruwa cikin tanki

Da zarar ƙazanta ta kwanta a rufaffen wuri, ƙwayoyin bakteriya sukan shiga cinta. Ba a jimawa iskar oksijin da ke cikin ruwan take ƙarewa, sai irin bakteriyar da ba ta bukatar oksijin ta karɓi aikin. Ita ce ke samar da iskar da ke damun mutane. Akwai haidirojin salfaid, mai ɗoyin baragurbin ƙwai. Akwai amoniya, mai zarnin fitsari. Akwai kuma metan, wadda ba ta da wari ko kaɗan, amma tana kama wuta idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100 na iskar wuri. Zafi yana ƙara wa bakteriya kuzari, saboda haka warin ya fi tsanani a watannin zafi.

Haidirojin salfaid tana da wani hali na yaudara. Hancin mutum yana jin ta tun ba ta kai kashi 1 cikin miliyan na iska ba. Amma idan ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan, sai ta kashe jin warin, mutum ya zaci ta tafi, alhali a lokacin ne ta fi haɗari. A motar da bututunta ke aiki da wuya a kai ga haka, amma ya kamata a san halin abin da ake kwana a kansa.

Kada kuma a raina tankin ruwan toka. Maiƙo da guntattakin abinci da sabulu suna ruɓewa a cikinsa, har wani lokaci ɗoyinsa ya fi na baƙin tanki.

Hanyar fita da ƙofofin tsaro

Tunda ba za a iya hana wannan iska samuwa ba, maƙera sun yi dabara biyu: sun buɗe mata hanyar fita ta sama, sun kuma toshe mata hanyar shiga ɗaki.

Hanyar fitar ita ce bututu mai faɗin inci ɗaya da rabi, wanda ya tashi daga saman tanki, ya bi ta cikin bango, ya ɓullo ta rufin mota. Aikinsa biyu ne. Yana fitar da iskar da ta taru, kuma yana daidaita ƙarfin iskar cikin tanki da ta waje. Kowa ya san dalilin da ya sa ake huda gwangwanin madara wuri biyu: ta ɗaya madara take fita, ta ɗaya iska take shiga. Haka tanki yake. In ruwa ya shiga, dole iska ta fita. In ruwa ya fita, dole iska ta shiga.

Ƙofofin tsaro kuwa uku ne. Ta farko ita ce lanƙwasar bututu da ke ƙarƙashin kwanon wanke-wanke da wurin wanka. Kullum akwai ɗan ruwa kwance a cikinta, shi ne yake tare iska. Wannan dabara ta daɗe, domin wani maƙerin agogo ɗan Sikotland, Alexander Cumming, shi ya yi mata rajista a 1775. Ta biyu tana masai. Yawancin masan motocin ba su da wannan lanƙwasa. A bisa baƙin tanki suke zaune kai tsaye, kuma abin da ya raba ɗaki da tanki shi ne wani murfi da zoben roba, da ɗan ruwan da ake bari a kansu. Ta uku wani ɗan bawul ne da akan sa a ƙarƙashin kwanon wanke-wanke, mai barin iska ta shiga bututu amma ba ya barin ta fito.

Inda ake samun tangarɗa

Iska ba ta da wayo, inda ƙarfi ya fi rauni nan take nufa. Saboda haka duk warin da aka ji cikin mota, ko dai hanyar sama ta toshe, ko wata ƙofa ta buɗe, ko kuwa wani abu yana zuƙo iskar zuwa ciki.

Bututun sama yakan toshe da ganye, ko sheƙar tsuntsu, ko gidan zanzaro. Wani lokaci girgizar hanya takan sa ya zame ƙasa, bakinsa ya nutse cikin ruwan tanki, ya daina numfashi tun tankin bai cika ba. Alamar toshewa ita ce masai ya riƙa yin gyatsa idan aka taka shi. Akan hau rufi a cire hular bututun, a duba da tocila, a zura tiyo a kora ruwa.

Su ma ƙofofin sukan gaza. In mota ta daɗe a ajiye, ruwan lanƙwasa yakan bushe; in tana tafiya, tangal-tangal yakan zubar da shi. Maganinsa kofi biyu na ruwa. Zoben robar masai yakan bushe ya tsage, kuma gwajinsa mai sauƙi ne: a bar ruwa a kwanon, in an dawo bayan 'yan sa'o'i an tarar ya tsiyaye, to hanyar da ruwa ya bi ya sauka, ta nan wari zai bi ya hau. Shi kuma ɗan bawul, in ana zarginsa, sai a ɗaure masa leda na yini guda. In warin ya ɗauke, an kama ɓarawo, sai a sake sabo.

Na uku shi ya fi ba mutane mamaki. Mutum zai kunna fankar rufin bayan gida domin ta kori wari, sa'an nan ya taka masai. Fankar tana fitar da iskar ɗaki, ƙarfin iskar ciki ya ragu, sai iskar waje ta sauko ta bututun sama, ta ratsa tanki, ta fito ta masai da dukan ɗoyinta. Wato garin neman gira an rasa ido. Haka ma idan mota tana gudu tagogi a buɗe. Don haka akan kashe fanka kafin a taka masai, wasu kuma sukan sa wa bututun wata irin hula wadda iskar da ke wucewa ta kanta take taimakawa wajen zuƙo ta cikin tanki.

Ruwa ya fi turare

Kuskuren da sababbin masu mota suka fi yi shi ne barin bawul ɗin baƙin tanki a buɗe idan sun jona da magudanar wurin da suka sauka. Ruwa sai ya tsiyaye, ƙazantar ta taru ta bushe kamar suri, ga kuma iskar magudanar ta samu hanyar hawowa. Ƙa'ida ita ce a bar shi a rufe har ya kai kashi biyu cikin uku, a juye shi da farko, sa'an nan a juye ruwan toka domin ya ɗauraye tiyo. Bayan haka a zuba wa tankin 'yan galan na ruwa kafin a sake amfani da shi.

A da an dogara ƙwarai ga magunguna masu fomalin, irin wanda ake jiƙa kwaɗi a cikinsa a ɗakin gwajin kimiyya. Yana kashe bakteriyar tanki, amma idan aka juye shi yakan kashe har da masu amfani da ke narkar da ƙazanta a ramukan da aka zuba, ya kuma gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa. Jihar Kalifoniya ta yi doka a 2019 wadda ta hana sayar da irin waɗannan magunguna daga farkon 2022.

Gargaɗi

Ba kowane ɗoyi ne daga tanki yake ba. Gas ɗin girki da motocin ke ɗauke da shi ba shi da wari, da gangan ake sa masa wani sinadari mai ɗoyi domin a gane in yana yoyo. Batirin da caji ya yi masa yawa shi ma yakan fitar da warin baragurbi. Wanda ya saba cewa "ai tanki ne" ya fesa turare ya kwanta, yana iya kwana da abin da zai hallaka shi. In ana shakka, a rufe tukunyar gas, kada a kunna ashana ko a taɓa makunnin lantarki, a fitar da kowa waje.

Darasin da ke ciki

Wannan ilimi bai tsaya a Amurka ba. A shekarun 1970 Dokta Peter Morgan ya ƙirƙiro masai mai bututun iska a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe, irin wanda muke gani a makarantu da asibitoci a ƙasar nan. Iskar da ke wucewa ta bakin bututun ita ke zuƙo warin rami zuwa sama, ragar da ke kansa kuma ta tare ƙudaje. In ragar ta toshe da yanar gizo ko bututun ya fashe, wari zai dawo ɗaki kamar yadda yake yi a mota.

Saboda haka, 'yan'uwa, duk ranar da kuka ji wari ya dame ku a masan ɗakin kwana ko na gida, kafin ku nemi turare ku fara tambaya: ta ina iskar ya kamata ta fita, me kuma ya tare ta? Ku ɗaga kai ku dubi bututun. Sau da yawa a can amsar take.