Mazaunin Katako Domin Ganga da Randar Burukutu



A cikin zagayen da muka yi na ziyarar ƙungiyoyi, mun sauka a wani ƙauye, muka iske wata uwargida tana jinyar jikanta. Ga abin da ya faru. Ta sauke ruwan tsiro daga wuta, ta juye a ganga domin ya huce. Gangar kuwa tana bisa wani tsohon benci mai gajeriyar ƙafa ɗaya, wadda aka tokare da dutse. Yaron ya zo ya jingina, dutsen ya goce, ganga ta kife. Ƙafafunsa biyu suka ƙone, aikin mako guda ya bi ƙasa, kuɗin dawa da na itace suka tafi, ga kuma kuɗin asibiti. Benci ne ya jawo wannan duka.

Mun sani ikilisiyoyinmu ba bakinsu ɗaya ba a kan zancen giya. Waɗansu sun hana sam, waɗansu ba su hana ba. Wannan magana tana hannun shugabannin kowace ikilisiya. Amma a gidajen masu burukutu da fito akwai yara, kuma irin tukwanen nan da gangunan nan su ne matanmu suke dama kunun zaki da su, su tace gasara, su dafa kalwa. Saboda haka abin da za mu faɗa zai amfani kowane gida mai ɗora babban mazubi.

Nawa ne nauyin?

Yawancinmu mukan raina nauyin ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Babbar gangar nan ta galan 44 tana cin wajen lita 200, watau in ta cika ta wuce kilo 200, tun ba a haɗa da nauyin ƙarfenta ba. Wannan ya fi buhu biyu na dawa masu kilo ɗari ɗari. Randa mai cin lita 60 kuwa nauyin babban mutum ke gare ta. Ba wanda zai ɗora buhu biyu na dawa bisa bencin makaranta ya bar yaro ya yi wasa a ƙarƙashi, amma haka muke yi da ganga.

Ruwa kuma ba kamar buhu ba ne. In an taɓa ganga, ko ana gaurayawa da muciya, ruwan yakan yi tangaɗi, nauyin ya koma gefe ɗaya. Domin haka mazauni yana bukatar abu biyu: ƙarfin ɗaukar nauyi daga sama, da ƙarfin ƙin karkata gefe.

Ga ka'idar da muke so kowa ya riƙe: nauyi ya zauna katako bisa katako har ƙasa, kada ya rataya a jikin ƙusa. Aikin ƙusa shi ne ta hana katako gocewa. In aka bar ta ita ce mai ɗaukar kaya, za ta lanƙwashe. Ruwan tsiro mai tsami kuma yana sa ta tsatsa da wuri, ranar da za ta karye ba za ta yi sallama ba.

Zaɓen itace

A nemi itace mai tauri wanda gara ba ta cika so ba. Kirya, da marke, da ƙawo, da maɗaci duk suna da kyau, kirya kuwa ta fi dacewa da ƙafafu. Azarar giginya ma tana jimrewa. Darbejiya, wadda waɗansu suke kira dogon yaro ko maina, tana yi, ga ta kuma da sauƙin samu. A guji kuka da rimi, gama ba su da ƙarfi. Kada a sare ɗorawa ko kaɗanya saboda wannan aiki, amfaninsu a tsaye ya fi. In za a sare itace a daji, a nemi izinin malamin daji tukuna, a kuma dasa wani a madadinsa.

Lalle katakon ya zama busasshe. Ɗanye yakan tsuke sa'ad da yake bushewa, mahaɗa su saki, mazauni ya fara rawa. A duba kowane katako da kyau. Wanda yake da babban ƙulli a tsakiya, ko tsaga, ko ramukan ƙwaro masu zubar da gari, a ajiye shi domin wani aiki.

Kayan aiki ba su da yawa: zarto, da guduma, da cizal, da tef na awo, da ƙusa mai inci 4. In da hali, a sa bol da noti a mahaɗan ƙafafu, domin ana iya ƙara ɗaure su in sun saki.

Mazaunin ganga

Faɗin irin gangar nan wajen inci 23 ne, tsawonta wajen inci 35. Mazauninta ya zama inci 28 kowane gefe, tsayinsa kada ya wuce inci 18 kafin a shimfiɗa saman. Wannan tsayi ya isa bokiti ya shiga ƙarƙashin famfo ko bakin tiyo, bai kuma kai yadda ganga za ta yi saurin kifewa ba. Ko da yaushe faɗin mazauni ya fi tsayinsa.

Abin da za a saya: katako mai inci 4 da 4 tsawon ƙafa 6 domin ƙafafu, da mai inci 2 da 4, wanda kafintoci suke kira tu-ba-fo, guda huɗu masu tsawon ƙafa 12. Kowane ɗaya yana ba da guntaye biyar masu inci 28.

1. A yanka ƙafafu huɗu, kowace inci 18. A jera su a ƙasa mai daidai a tabbata ba wadda ta fi wata.

2. A saman kowace ƙafa a yanka gurbi, zurfin inci ɗaya da rabi, tsawon inci 4. Ƙafar za ta zama kamar tana da kafaɗa.

3. A ɗauki guntaye biyu masu inci 28, a zaunar da ɗaya cikin gurbin ƙafafun gaba, ɗaya cikin na baya. A tsai da su a kan siririn gefensu, kada a kwantar, gama katako ya fi ƙarfi nesa in yana tsaye a gefensa. Waɗannan biyu su ne masu ɗaukar nauyi, suna kuwa zaune bisa kafaɗar ƙafa. Sa'an nan a buga ƙusa ko a ɗaura bol.

4. A haɗa gaba da baya da waɗansu guntaye biyu a sama. A kuma kewaye ƙafafun da guntaye huɗu a ƙasa, inci 4 daga ƙasa, domin kada su buɗe.

5. A shimfiɗa guntaye shida a sama, a gicciye bisa manyan nan biyu, a bar ɗan tsakani domin abin da ya zube ya tsiyaye, iska kuma ta shiga.

6. Da katako na huɗu a yi tokara a karkace, daga gindin wannan ƙafa zuwa saman waccan. A sa a gefe biyu masu maƙwabtaka da juna aƙalla, in an sa a duka huɗu ya fi. Kada a tsallake wannan. Abu mai kusurwa huɗu yakan langaɓe in an tura shi, amma mai kusurwa uku ba ya langaɓewa. Rashin tokara ne yake sa tebur rawa.

7. A ɗora gangar ba kome a ciki, a buga ƙananan guntaye huɗu kewaye da gindinta domin kada ta zame.

Mazaunin randa

Randa gindinta a kewaye yake, ba ta zama bisa shimfiɗaɗɗen katako. Iyayenmu sukan binne gindinta a ƙasa, ko su ɗora ta a gwafa mai rassa uku. Binnewa tana hana faɗuwa, amma wurin yakan jiƙe ya yi tsami, wankewa kuma ta yi wuya.

A yi ƙafafu da gurbi kamar na ganga, sai dai tsayin kada ya wuce inci 12, kuma ba a rufe saman. Ana barin rami mai kusurwa huɗu wanda randa za ta nutse a ciki wajen kashi ɗaya cikin uku na tsayinta. A auna faɗinta a daidai wannan wuri, shi ne faɗin ramin. Tun da yake duka katakai huɗu na sama za su ɗauki nauyi a nan, kowannensu ya sami gurbinsa a jikin ƙafa. A kankare kaifin katakon ta ciki, a naɗe da tsohuwar tayar keke ko a sa gammo. Yumɓu ba ya son nauyinsa ya taru a wuri ɗaya mai tauri, nan yake fara tsagewa. Kowace randa da mazauninta, gama maginiya ba ta gina biyu daidai.

Mazaunin tata

Wurin tata ne mata suka fi shan wahala, a sunkuye, ɗaya tana riƙe da kwando, ɗaya tana zubawa, ga zafi. A yi mazauni mai tsayin ƙugu, faɗinsa ya ɗan fi tsayinsa ko ya yi daidai da shi, da sanduna biyu masu kauri a sama inda bakin kwando zai zauna. A sa tokara a gefe uku, a bar na gaba a buɗe domin a riƙa jawo baho ba tare da an taɓa kwandon ba. Jiƙaƙƙiyar dusa tana da nauyi ƙwarai, saboda haka a yi shi da ƙarfi kamar na ganga. Dusar da aka tara da tsabta haka kuwa abinci ce mai kyau ga aladu.

A Amurka da Ingila masu dafa giya a gida sukan yi mazauni mai hawa uku kamar matakala, domin ruwa ya gangaro da kansa daga wannan tukunya zuwa waccan. Dabarar tana da kyau, amma tukwanensu ƙanana ne. Da irin gangunanmu hawa biyu ya isa: ganga a sama, bokiti ko baho a ƙasa, tiyo a tsakani. Kada a ɗaga ruwan zafi sama da ƙirjin mutum.

Wurin ajiyewa da kiyayewa

Katako da wuta ba sa zama tare. Murhu ya kasance na duwatsu ko na laka kamar yadda aka saba, mazauni kuwa ya yi nesa da shi taku uku ko fiye. Kada a ɗora tukunyar da gindinta yake da garwashi bisa katako.

A daidaita ƙasa a daɓe ta, a sa faffaɗan dutse a ƙarƙashin kowace ƙafa, duka huɗu, kowanne a zaune daram. Wannan yana raba katako da laima, yana kuma sa a ga hanyar gara da wuri. Ana iya babbaka gindin ƙafafun kaɗan, ko a shafa musu maganin gara. Amma maganin ya tsaya a gindi kaɗai. Kada shi ko baƙin mai su taɓa saman, inda kwando da ƙwarya da muciya suke sauka. Haka kuma gangar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko na ciyawa a ciki ba ta shiga aikin abinci har abada, kome wankin da aka yi mata.

Kafin a fara aiki da sabon mazauni, a gwada shi. A cika ganga da ruwan sanyi, a tura ta kowane gefe da hannu, a bar ta ta kwana. In da safe an ga ya karkata, ko wata mahaɗa ta buɗe, a gyara tukuna. Bayan kowace dahuwa a wanke shi a shanya a rana. Farkon damina da ƙarshenta a soki gindin ƙafafun da tsinin wuƙa. In wuƙa ta shige da sauƙi, a sāke ƙafar a ranar.

In kuwa tsautsayi ya auku wani ya ƙone, a yi ta zuba ruwan sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a kai shi asibiti. Kada a shafa manja, ko ƙwai, ko toka, kada kuma a fasa bororon.

Abin da ƙungiya za ta yi

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mace ɗaya ba lalle ta iya sayen katako ta kuma biya kafinta a lokaci guda ba, amma ƙungiya tana iyawa. Shawararmu ita ce, a taronku na gaba ku rubuta gidajen da suke da ganga ko babbar randa, ku sayi katako gaba ɗaya domin ya yi sauƙi, ku kira kafinta ɗaya ya yi na farko a gaban kowa, matasa suna kallo suna kama masa. Sauran su za su yi. A bar masu gida su biya kaɗan kaɗan ranar kasuwa. A fara da gidajen da suke da ƙananan yara.

Yau ɗin nan ma, kafin katako ya samu, kowa ya je ya duba abin da gangar gidansa take zaune a kai. In yana rawa, a sauke ta ƙasa. Ƙungiyar da ta gwada kuwa ta aiko mana da labari, da irin itacen da ta samu a wajenta, domin sauran 'yan'uwa su ƙaru.