Guzurin da Ba a Ambata Ba

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makaranta a Agege, na sha kunya gaban yara, ga Malam mai duba zaune a baya da alƙalaminsa. Na rubuta wannan don kada wani ɗan'uwa ya sha irinta.

Harshen kwamfuta nake koya musu, watau JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙago a Amurka cikin 1995. A cikinsa akan ajiye lamba a akwati, a ba akwatin suna. Umarni kuwa ɗaki-ɗaki akan tara su, har akan yi ƙurya cikin ɗaki. Dokar ita ce, na ƙurya yana ganin akwatunan ɗaki, amma na ɗaki ba ya ganin na ƙurya.

Na sa akwati biyu a ɗaki, "goro" da "kuɗi", amma goro kaɗai ƙurya ta ambata. Na tsai da aikin cikin ƙurya da abin neman kuskure na Chrome, na rubuta "goro" a tagar tambaya, ya nuna mini. Na rubuta "kuɗi", sai ya ce bai san shi ba. Wata yarinya ta ce, "Malam, ba ka ce na ƙurya yana gani ba?" Na rasa ta cewa.

To, ga dalilin. Ku tuna da fataken goro na Agege, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano cikin 1912. Falke in zai tashi, ba ya ɗaukar masauki duka, sai guzurinsa. Haka ƙurya take: takan ci gaba da aiki bayan an rufe ɗaki, saboda haka akan ƙunshe mata akwatunan da take bukata. Peter Landin ne ya raɗa wa wannan ƙunshi suna cikin 1964. Chrome kuwa, don tattalin wuri, yakan duba rubutu tun da fari. Akwatin da babu ƙuryar da ta ambace shi, ba ya shiga ƙunshi. Ni sai a hanya na tambayi kuɗi, bayan an gama ɗauri.

Magani biyu ne. In ɗaki bai rufe ba tukuna, zaɓe shi cikin jerin kiran da ke gefe, sa'an nan ka tambaya. In ya rufe, ambaci akwatin cikin ƙurya, ka sake gudanar da aikin.

Kashegari yarinyar nan na sa ta gwada, kuɗi kuwa ya fito.