BABI NA UKU: TSARE WAƊANDA AKE ZARGI DA TA'ADDANCI A ƁOYE DA GANA MUSU AZABA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin masarautar Birnin Gwari da yadda dazuzzukan da suka kewaye ta suka zama mafakar masu ɗauke da makamai. Wannan babi kuwa zai yi ƙoƙarin bayyana abin da yake faruwa bayan an kama mutum bisa zargin ta'addanci, wato daga lokacin da ya shiga hannun jami'an tsaro zuwa ranar da za a gurfanar da shi gaban alƙali. Za a duba ma'anar tsarewa a ɓoye, da hukumomin da abin ya shafa, da tanadin doka, sannan a kawo misalai.

3.1 Ma'anar Tsarewa a Ɓoye

Tsarewa a ɓoye ita ce hukuma ta kama mutum ta ajiye shi a wurin da iyalinsa da lauyansa ba su sani ba, kuma babu alƙalin da yake bin sawun halin da yake ciki. A wani lokaci hukumar takan musanta cewa ma yana hannunta. Gana azaba kuwa shi ne jami'i ya jawo wa wanda yake tsare matsanancin ciwo na jiki ko na zuciya da gangan, domin ya amsa laifi ko ya ambaci sunayen wasu. Duka da ratayewa da hana barci da hana abinci da barazanar kisa duk suna cikin wannan. Abubuwan nan biyu suna tafiya ne tare, domin jami'i ba ya samun damar azabtar da mutumin da lauya da likita da alƙali suke gani a kai a kai.

3.2 Yadda Batun Ya Shafi Birnin Gwari

Ƙaramar hukumar Birnin Gwari tana yammacin Jihar Kaduna, ta yi iyaka da jihohin Neja da Zamfara da Katsina, kuma dajin Kamuku da na Kuduru suna cikin yankinta. Ƙungiyar Ansaru, wadda ta ɓalle daga Boko Haram ta bayyana kanta a shekarar 2012, ta sami wurin zama a wannan daji. A watan Fabrairu na shekarar 2020 'yan sanda suka ba da sanarwar kai wa sansaninta farmaki a dajin Kuduru. Haka kuma a watan Nuwamba na 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta ayyana ƙungiyoyin 'yan bindigar daji a matsayin 'yan ta'adda, gwamnati kuma ta buga hukuncin a hukumance a watan Janairu na 2022.

Wannan hukunci ya faɗaɗa da'irar waɗanda za a iya zargi. Dokar ta'addanci ba ta tsaya kan mai riƙe da bindiga kawai ba, ta haɗa da mai ba shi abinci ko fetur ko magani ko labari. Idan aka yi la'akari da cewa manoma da yawa a yankin an tilasta musu biyan kuɗi kafin su shiga gonakinsu, za a ga cewa ba ƙaramin aiki ba ne a rarrabe wanda ya taimaka da son ransa da wanda aka ɗora wa bindiga. Rarrabewar nan aikin alƙali ne, kuma ba zai yi ta ba sai an kawo masa mutumin.

3.3 Hukumomin Leƙen Asiri na Nijeriya

A shekarar 1976 aka kafa hukumar NSO. A shekarar 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta rushe ta da dokar soja mai lamba 19, ta kafa hukumomi uku a madadinta. Su ne Hukumar Tsaro ta Farin Kaya, wadda aka fi sani da SSS ko DSS, mai kula da tsaron cikin gida, da hukumar NIA mai tattara bayanai daga ƙasashen waje, da kuma hukumar DIA ta sojoji. Dukkansu an haife su ne a zamanin mulkin soja, lokacin da doka mai lamba 2 ta 1984 ta halatta tsare mutum ba tare da shari'a ba. An soke waccan doka a 1999, amma al'adar da hukuma ta taso a cikinta takan daɗe kafin ta gushe.

3.4 Tanadin Doka

Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya haramta azabtarwa. Sashe na 35 kuma ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji, kuma a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Sai dai sashen ya togace wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan wa'adi. Bugu da ƙari, dokar yaƙi da ta'addanci ta 2011, wadda aka yi wa gyara a 2013, ta ba kotu ikon amincewa da tsare mutum na kwana 90 ba tare da an saurari ɓangarensa ba. Sabuwar dokar 2022 ta mayar da wa'adin kwana 60, amma ana iya sabunta shi.

A ɗaya ɓangaren, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta wuraren tsarewa na ɓoye, ta ce yaƙi ko dokar ta-ɓaci ba hujja ba ce, ta kuma tanadi ɗaurin da zai kai shekara 25 ga jami'in da aka samu da laifi. Dokar gudanar da shari'ar masu laifi ta 2015 ta ɗora wa alƙalai alhakin ziyartar wuraren tsare mutane, Jihar Kaduna kuma ta yi irin tata a 2017. Sashe na 29 na dokar shaida ta 2011 ya hana kotu karɓar ikirarin da aka samu ta hanyar gallazawa. Wannan ya dace da abin da mafi yawan malaman fiƙihu suka tafi a kai, cewa ba a kama mutum da furucin da aka tilasta shi ya yi. Ke nan dokokin suna nan a rubuce, matsalar tana wajen aiki da su.

3.5 Misalai Daga Nijeriya

Misali na farko shi ne na Khalid al-Barnawi, jagoran Ansaru, wanda aka kama a Lokoja a watan Afrilu na 2016. Sai a watan Maris na 2017 aka gurfanar da shi a kotu, kuma shari'ar ta haura shekara takwas ana tafka ta. Na biyu shi ne na Tukur Mamu, wanda ya shiga tsakani wajen sako fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka sace ranar 28 ga Maris, 2022. An kama shi a Alƙahira a watan Satumba na shekarar, ya zauna a hannun DSS kimanin wata shida kafin a karanta masa tuhuma. Waɗannan sanannu ne, jaridu suna bibiyar lamarinsu. Abin tambaya shi ne halin da talakan ƙauye zai shiga idan babu mai neman sa sai tsohuwarsa.

Amsar tana cikin abin da ya faru a arewa maso gabas. A rahotonta na watan Yuni na 2015, ƙungiyar Amnesty International ta ce sojoji sun kama aƙalla mutum 20,000 tun daga 2009, kuma fiye da 7,000 sun mutu a tsare tun daga 2011, da yawansu a barikin Giwa da ke Maiduguri. Rundunar soja ta musanta rahoton. Amma da aka fara shari'ar waɗanda ake zargi a barikin Wawa da ke Kainji, Jihar Neja, a watan Oktoba na 2017, zaman farko an yi shi ne a asirce, aka ɗaure mutum 45, aka sallami 468 domin babu hujjar da za a tuhume su da ita. Da yawa daga cikinsu sun riga sun yi shekaru a tsare.

3.6 Misali Daga Amurka

Bayan harin 11 ga Satumba, 2001, hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta buɗe gidajen tsarewa na ɓoye a ƙasashe irin su Afghanistan da Tailan da Poland. Rahoton kwamitin Majalisar Dattawan ƙasar na watan Disamba, 2014 ya nuna an tsare mutum 119, aƙalla 39 an gana musu azaba, aƙalla 26 kuma bai kamata a tsare su ba tun farko. Rahoton ya ƙara da cewa azabar ba ta zama ingantacciyar hanyar samun bayani ba. Ibn al-Shaikh al-Libi, wanda aka miƙa wa Masar, ya yi ikirarin cewa Iraƙi ta horar da 'yan Alƙa'ida, aka kafa hujja da maganarsa wajen yaƙin 2003, daga baya ya janye ta.

3.7 Illolin da Ke Tattare da Wannan Hanya

Illa ta farko ita ce bayanin ƙarya. Wanda ya sha wuya zai ambaci kowane suna domin a sassauta masa, ta haka sai a kamo maƙwabcinsa ko abokin cinikinsa. Ta biyu ita ce lalacewar shari'a, domin da zarar wanda ake tuhuma ya ce tilasta shi aka yi, dole kotu ta dakata ta yi wata shari'ar a kan ikirarin kansa, kuma idan ta yi watsi da shi mai laifi na gaske yana iya kuɓuta. Ta uku ita ce yankewar amana. Mutanen Kuyello da Dogon Dawa da Damari su suka san hanyoyin daji, kuma ba za su kai labari ba muddin suna tsoron cewa wanda aka ɗauka ba a sake jin ɗuriyarsa. Ta huɗu kuwa ta iyali ce, domin matar wanda ya ɓace ba ta san ko takaba za ta shiga ko jira za ta ci gaba da yi ba, gado kuma ba ya rabuwa.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa haɗarin yana cikin tsawon lokacin da ke tsakanin kamu da gurfanarwa. An ga kuma cewa dokokin Nijeriya sun riga sun tanadi magani, wato rubuta sunan duk wanda aka kama, da sanar da iyalinsa, da barin lauya da alƙali su gan shi. Sulhun da gwamnatin Jihar Kaduna ta ƙulla a Birnin Gwari a watan Nuwamba na 2024, wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu, yana bukatar jama'a su yarda cewa wanda aka kama kotu za a kai shi. Babi na gaba zai duba yadda kafofin yaɗa labarai na Hausa suke bayar da rahoton irin waɗannan kame-kame.