Babbar Taya, Ƙaramin Aksul

A daminar 2023, lakar hanyar gonarmu da ke Furfuri, cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, ta sa na ɗaura wa ƙaramar motata ƙirar jif manyan tayoyi. Ban cika mako uku ba aksul ɗin baya ya karye, ina ɗauke da buhunan taki.

Wani dattijon bakanike a Gusau ya ce, "Alhaji, ai jaki ka ɗora wa kayan raƙumi." Gaskiyarsa kuwa: gwargwadon girman taya, gwargwadon murɗar da ƙarfen ke sha. Birki ya raunana, shan mai ya ƙaru, ga tallafi an janye.

Saboda haka, ya mai karatu, a fara sauya aksul da giyarsa kafin a kai ga taya. Araha ba ta ado.