FASHIN BAƘI: Abin da gwajin jini ke nunawa game da lafiyar tumbi

Mutane da dama da ke fama da zafin ƙirji ko ciwon ciki sukan yi gwajin jini, a ce musu an ga ƙwayar cutar gyambon ciki, su fara shan magani nan take. Sai dai sakamakon irin wannan gwaji yana sauyawa ko a jikin mai ƙoshin lafiya, don haka ba ya isa hujja shi kaɗai.

Abubuwa huɗu aka fi aunawa. Akwai sinadarin pepsinojin nau'i na 1, wanda sashen saman tumbi ke samarwa, da nau'i na 2, wanda kusan dukkan sassan tumbi ke fitarwa. Akwai kuma gastirin, sinadarin da ke umartar tumbi ya fitar da ruwan asid. Na huɗu shi ne garkuwar da jiki ke haɗawa don yaƙar ƙwayar Helicobacter pylori, wadda Barry Marshall da Robin Warren suka gano a Ostireliya, binciken da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2005.

Idan fatar cikin tumbi ta siƙe saboda kumburi na shekaru, pepsinojin na 1 yakan ragu. A Japan, inda ciwon dajin tumbi ya yi yawa, likitoci kan ɗauka akwai alamar haɗari idan ya kai 70 ko ƙasa, kuma bai wuce ninki uku na nau'i na 2 ba. Daga nan sai a tura mutum a duba cikinsa da na'ura mai kyamara.

Amma akwai abubuwan da ke karkatar da alƙaluman. Magungunan rage asid irin su omeprazole, waɗanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, suna ɗaga gastirin da pepsinojin. Cin abinci dab da gwaji yana ɗaga gastirin. Shan taba da ciwon ƙoda suna ɗaga pepsinojin, kuma na maza kan ɗara na mata. Ita kuwa garkuwar da ke yaƙar ƙwayar tana iya zama a jini watanni ko shekaru bayan an warke. Ke nan ganinta ba ya tabbatar da cewa cutar tana nan. Gwajin numfashi ko na bayan gida ne ke nuna hakan.

Lamarin ba na wasa ba ne. Tun 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan ƙwaya cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji. A ɗaya ɓangaren, shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba bisa buƙata ba yana sa ƙwayoyin su bijire wa magani.

Saboda haka ya kamata mai zuwa gwaji ya faɗa wa likita duk maganin da yake sha. Wanda kuma ke aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin, ko rama babu dalili, asibiti ya kamata ya nufa ba tare da jinkiri ba.