Ko Kun Sani?

Gasar Kofin Ramat, wadda ƙungiyar wasannin matasa ta YSFON ke shiryawa a Kano, karawa ce ta ƙwallon ƙafa tsakanin yaran jihohin Najeriya. An sa mata sunan marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, shugaban ƙasa ɗan Kano da aka kashe a Legas ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Shi ya sa galibi a watan Fabrairu ake buga ta.

Lokacin kuwa ya dace da rani. A ƙauyukan Ɗambatta, Bichi da Makoɗa, inda gona ke manne da gona, fili yakan yi wuya da damina. Sai an girbe gero da dawa, an kwashe kara, sannan samari ke samun sararin taka leda, ƙauye da ƙauye.

Kamar jihohin Najeriya a gasar Ramat, a ƙasar Ayalan ma gundumomi na karawa a ƙwallonsu ta gargajiya, wadda ake bugawa da hannu da ƙafa, kowane ɓangare mutum 15. Gasar matasansu ta ƙasa baki ɗaya ta faro tun 1929.