INJIN NIƘA: DAGA DURSLEY ZUWA KARA

Duk wanda ya kwana a Kara, ko Getso, ko Garo, ya san ƙarar da ke tashin gari da sassafe. Yara na tafe da kwanukan dawa da masara a ka, injin kuwa yana ta bugawa. Iyayenmu mata da suka sha wahalar dutsen niƙa su ne suka san darajar wannan ƙara.

Manyanmu suna kiran babban injin nan Lista. Sunan wani kamfani ne, R. A. Lister, wanda aka kafa a garin Dursley na Ingila a 1867. Injinsa mai shan gas a hankali yake juyawa, ruwa ke sanyaya shi, shi ya sa yake daɗewa, kuma makanikin ƙauye yana iya kwance shi ya ɗaura. A 1986 kamfanin ya haɗe da wani mai suna Petter. An daina ƙera tsohon samfurin a Ingila, amma masana'antun garin Rajkot na Indiya suka ci gaba da yin irinsa. Yau akwai kuma ƙananan injuna na Sin.

To, injin dai juya bel kawai yake yi. Niƙan yana faruwa ne tsakanin faranti biyu na ƙarfe masu gugar juna. A nan ne ya kamata mu buɗe ido. Farantin da ya cinye, ina ya tafi? Cikin garinmu ya shiga, muka tuƙa tuwo da shi. Faranti mai araha da aka zuba da tarkacen ƙarafa ya fi saurin cinyewa. Ai araha ba ta ado.

Ga kuma tsadar mai. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin markaɗe ya hau, domin ƙananan injuna fetur suke sha. Wannan na iya sa mai inji ya nemi rage kashe kuɗi ta wajen sayen faranti mara kyau.

Saboda haka muna roƙon masu injuna: in an sa sabon faranti ko an wasa tsoho, a fara niƙa dusa a zubar kafin a karɓi hatsin mutane. Kada a matse farantan fiye da kima. A gida kuma, uwargida tana iya ratsa garin da maganaɗisu, in da ɓurɓushin ƙarfe zai manne.

Ƙungiyoyin mata da ke adashi don sayen inji, kafin ku biya a Kano ku tambayi dillalin: ana samun kayan gyaransa? Wa zai gyara shi a Gwarzo ko Kabo? Injin da ba shi da makaniki kusa, kuɗin adashi ne a kwance cikin rumfa.

Abinci dai na 'ya'yanmu ne. Rigakafi ya fi magani.